Ɗumin Bango

Shekara talatin da shida Mai Madara ta yi tare da mijinta Dogo, kuma a duk tsawon nan ba ta taɓa sa hannu a aikin ciyawa ba. Tun farko kowa ya san nasa. Ita ke tatsar shanun, ta tace madarar, ta kai bakin titi inda motar saye ke tsayawa da safe. Shi ke yankan ciyawa, ya shanya, ya sa a ɗaure ta dami-dami, ya jibge a siton da ke manne da ɗakin kwanansu, don shanu su sami abin ci a watannin da fili ke bushewa. Ba ta taɓa tambayarsa yadda ake yi ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Dama Dogo ba mai magana ba ne. In ya ce "to" sau uku a wuni, ranar ya yi surutu.

Bara da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a wurin shan ruwan shanu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, 'yar maganar da yake da ita ma ta tafi. Abin da ya rage masa shi ne hannun hagu, da idanu biyu, da wani gurnani da ke fitowa daga maƙogwaro in abu ya dame shi. A watan farko gidan bai rabu da masu dubiya ba. A wata na biyu suka ragu. Daga nan sai dai a ɗaga mata hannu daga cikin mota.

Gidan ya yi shiru irin wanda har ƙarar cokali a kofi ke ba mutum tsoro. Don haka Mai Madara ta ɗauki maganar mutum biyu ta ɗora wa bakinta. Ita za ta tambaya, ita za ta amsa.

"Ka ƙoshi? Ka ƙoshi mana. Zafi kake ji? A'a, sanyi ne, bari in rufa maka ƙafar."

Haka take wuni, tana magana tana wucewa, ba ta ko tsayawa ta dubi fuskarsa. Ba mugunta ba ce. Aiki ne ya yi mata yawa, kuma duban idon mutumin da ba zai amsa ba yana da ciwo.

'Yarsu Auta ma'aikaciyar jinya ce a birni, ita ce mai kira duk Asabar, kuma magana ɗaya take maimaitawa.

"Umma, ki sayar da shanun nan ku dawo wurina. Ga ɗaki na gyara. Ke kaɗai ba za ki iya ba."

Mai Madara ta san ɗakin. Tagarsa ɗaya, tana kallon katangar maƙwabta, ko akuya ba a gani ta ciki. Ta san in aka kai Dogo can, bango zai yi ta kallo har Allah ya yi ikonsa, ita kuma ta zama mai jiran a dawo daga aiki. Da gardamar ta yi tsawo sai Auta ta yanke.

"To shi ke nan. Ciyawar da Baba ya tara ta ƙare. In kin iya tara ta bana, wadda za ta kai shanu biyar har ruwa ya dawo, ba zan ƙara buɗe baki ba. In ba ki iya ba, ku taho."

"Na ji," in ji Mai Madara. "Ki ajiye ɗakinki."

Da ciyawa ta isa yanka sai ta kira mai inji, wani surutacce mai tarakta da ke zagaya gonakin yankin. Ran Litinin ya yanke, ran Laraba da yamma ya dawo da injin ɗauri. A lokacin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya sauko ya cusa hannu ƙarƙashin shanyar, ya murɗa wani tsagi a tafinsa, ya ɗan ɓata fuska.

"Mama, sama ta bushe, amma ƙasa da saura. Da Baba Dogo ne, cewa zai yi a juya ta a ƙara mata wuni guda."

"Gobe za ka dawo?"

"Ina! Gobe ina wata gona, jibi ma haka. In na bar nan yau sai bayan sati biyu. Ga shi kuma kina ganin sama."

Ta dubi hadarin, ta dubi ciyawar. Amma gaskiya ba hadarin ne ya fi tsaya mata a rai ba. "Da Baba Dogo ne" ɗin nan ne. Shekara guda ke nan tana jin wannan magana daga bakin kowa, har mai gyaran famfo.

"Ɗaure," ta ce.

Ya ɗaga kafaɗa ya hau taraktarsa. Kafin ruwan ya sauko dami ɗari biyu da sittin sun taru a bakin sito, masu kusurwa huɗu kamar akwatuna. Leburori biyun da ta ɗauka suka ce damin bana da nauyi. Ta ji daɗi, ta ɗauka albarka ce.

To a nan ne fa Mai Madara ta sami abin da ta daɗe tana jira. Siton Dogo ya shekara talatin yana ba ta haushi. Ita mace ce da ko tsumman goge tukunya sai ta ninke shi gida huɗu. Shi kuwa sai ya shimfiɗa tsofaffin gumagumai a ƙasa, ya jera dami layi-layi a kai, ya bar rata tsakanin layukan wadda mutum zai ratsa a karkace. Saman bangon kuma akwai ramuka da ya ƙi toshewa, tsuntsaye na shiga suna fita yadda suka ga dama. A ganinta wannan duk rashin tsari ne irin na maza, ɓarnar wuri kawai.

Ta sa aka fitar da gumaguman, ta ce ta sami itacen girki. Ta tsaya a kan leburorin suka jera damin manne da juna, cif-cif kamar sukari a kwali, tun daga ƙasa har kusa da kwanon rufi. Ta hau tsani da kanta ta cusa buhuna a ramukan bangon. Ta lulluɓe saman da tamfol, ta ɗaure. Dogo bai taɓa shigar da fiye da ɗari biyu ba, sauran a rumfa yake bari. Ita ta shigar da duka, har da sauran wurin ajiye baro.

Da ta sallami leburorin, ta wanke fuska ta turo Dogo a kekensa na guragu har bakin ƙofar siton.

"Ga shi, maigida. Duba aikin mata."

Dogo ya duba. Idonsa ya hau sama wurin buhunan, ya sauko ƙasa inda gumaguman suke a da. Sai ya saki wani gurnani da ba ta taɓa jin irinsa ba, ya shiga dukan hannun keken da tafinsa, yawu na zuba a gefen bakinsa.

Ta yi tsaye, fara'ar ta daskare a fuskarta. Bayanta na ciwo, tafukanta duk igiya ta yanka, kuma mutum ɗaya tak take so ya gani ya yaba.

"Au, haushi ka ji? Don an yi ba da kai ba? To ka yi haƙuri, haka Allah ya so."

Ta juya keken da ƙarfi ta maida shi ɗaki. Ranar a tsaye ta ci abinci a kicin, tana ci tana share hawaye da bayan hannu.

Abin da ba ta sani ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata, shi ne ciyawar da aka ɗaure da danshi ba ta kwanciya shiru. Daga ciki take fara ɗumi, da kanta, ba ashana ba garwashi. In tana samun iska sai ɗumin ya fita, ta huce. In an matse ta an toshe mata ko'ina, sai zafin ya yi ta taruwa a tsakiya, yau da gobe, har ta dafa kanta.

Bayan kwana goma wani ƙanshi ya fara zagaya gidan, mai zaƙi-zaƙi, kamar an bar sukari a wuta. Damin da ta zaro daga gefe ya ɗan yi ja, shanun kuwa suka yi ta wawarsa har suna ture juna. Ran Asabar ta gaya wa Auta.

"Ciyawata har ƙanshi take. Ki zo ki ga yadda suke ci."

"Baba fa?"

"Babanki fushi yake da ni. Ya ƙi abinci, ya ƙi barci. Kishi ne kawai, zai huce."

Kwana biyu bayan haka tana shara sai ta dafa bangon da ya raba ɗakinsu da siton, ta ji shi da ɗumi. Ɗumi mai daɗi, kamar bayan saniya. Nan take ta tuna da ƙafarsa ta dama, wadda kullum take sanyi ƙalau ko an rufa bargo biyu. Ta yi murna. Ta ja gadon da ƙyar, shi yana kai, ta manna shi da bangon, ta gyara masa ƙafar ta jingina da siminti.

"Ka ga amfanin aikina? Ko ba ka yaba ba ga shi kana shan ɗumi."

Ya yi ta tura bangon da hannun hagu yana gurnani, idanunsa jajur. Ta ce rigima ce ta tsufa. Ta rufe shi ta fita, ta zauna a bakin turke ita kaɗai. A ranta tana cewa ba wanda ya kai ta kaɗaici a duniya: ga miji a ɗaki, amma ko sannu babu, sai harara.

Ranar kwana na goma sha tara, ta dawo daga kai madara rana ta ɗan ɗaga, ta tarar da Dogo a ƙasa. Ya faɗo daga gadon, ya ja jiki da hannu ɗaya har bakin ƙofa. Wandonsa ya yage a gwiwa, gwiwar ta goge tana jini. Bokitin ya suɓuce daga hannunta.

"Wayyo Allah! Kashe kanka za ka yi? Me na yi maka ne, bawan Allah? Me kake so da ni?"

Ta durƙusa za ta ɗaga shi, ya cafke wuyan hannunta. Ba ta san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Ya ja hannun, ya ja, har ta bi shi da rarrafe, ya manna tafinta a ƙasan bangon. Ba ɗumi ba ne yanzu. Zafi ne, irin na jikin butar shayi.

Ta buɗe baki za ta faɗi abin da yake nufi, kamar yadda ta saba, sai ta ga ba ta sani ba. Ta dubi idonsa, ta bi inda yake kallo, waje, wajen igiyar shanya.

"Ruwa kake so?"

Bai motsa ba.

"Rigarka?"

Shiru.

"Rodin nan?"

Ya matse hannunta har ta ji zafi.

Wani dogon rodi ne mai tsini, da ta tsinta a bayan ƙofar sito ta tokare igiyar shanya da shi. Sai yanzu ta tuna: duk shekara in an gama jibge ciyawa, Dogo kan yi makonni yana shiga sito da rodin nan kowace safiya, ya jima, ya fito yana shafa shi a tafin hannu. Ita a zatonta ɓeraye yake kora.

Ta ɗora shi a keke ta tura zuwa siton. Da ta buɗe ƙofar, ƙanshin ya buge ta, ya daina zaƙi, ya koma ƙauri. Kwanon rufi na ɗigar da gumi. Ta saita tsinin rodin tsakanin dami biyu, ta tura, ta ɗauko dutse ta yi ta bugawa har ya nutse saura kamu ɗaya. Ta kai hannu za ta zare, ya yi gurnani. Ta dakata. Suka zauna jugum su biyu, kimanin lokacin da ruwan shayi zai tafasa. Sannan ya gyaɗa kai.

Ta zaro rodin ta kama ƙarshensa da tafinta, yadda ta ga yana yi. Ihun da ta yi har shanun suka ɗago kai. Ta yar da shi. Layi fari ya kwanta a tafin, fatar ta tashi.

Hankalinta ya tashi, ta yi kan damin farko za ta fizgo shi waje. Ya damƙe gefen zanenta, ya ƙi saki, yana girgiza kai.

"Kada in fitar? To ya zan yi? In bar shi ya..."

Ta tsaya. Mace ce da ta yi shekara arba'in a bakin murhu. Ta san garwashin da ke kwance a ƙarƙashin toka, ta san abin da yake yi in aka tona shi iska ta taɓa shi.

"In na buɗe, kamawa zai yi."

Ya matse hannunta.

"Sai dai a kira mutane ke nan."

Ya sake matsewa.

Wayar na cikin lalitarta, amma ta kasa ciro ta. Ta san mai inji, bakinsa ba ya riƙe magana. In ta kira shi yanzu, kafin azahar labari ya kai birni. Wata zuciyar ta ce mata ta rufe ƙofar nan, ta yi ta jido ruwa a bokiti tana kwarawa ta sama, wataƙila ya huce da kansa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ta daɗe a tsaye da wannan tunani, ba za a ɓoye ba. Sai idonta ya sauka a kan gwiwarsa, jinin ya gangaro har idon sawu ya bushe.

Ta tura shi can nesa ƙarƙashin bishiya. Ta kwance shanun ta kora su fili. Sannan ta kira 'yan kwana-kwana, ta kira mai inji.

Sa'a guda suka yi kafin su iso. Shugabansu ya leƙa siton, ya ja da baya da sauri.

"Mama, kin zare wani abu daga ciki?"

"A'a."

"Kin yi dabara. Da kin buɗe shi ke kaɗai, da yanzu wani zancen ake yi."

"Ba dabarata ba ce," ta ce, amma ya riga ya juya yana ba da umarni.

Suka saita tiyo biyu, mai inji ya shiga janye damin da tarakta. Layin farko kore ne. Na biyu ja. Na uku ya fito baƙi ƙirin, yana marmashewa kamar gawayi. Da aka taɓa tsakiyar sai wani hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta tashi bal har kwano. Aka yi ta fama har bayan azahar. Rufin siton ya tafi. Bangon ɗakin ya tsage daga sama har ƙasa, daidai inda gadon yake, katifar ta sha ruwa da baƙin hayaƙi. Gidan dai ya tsira. Damin da ya fita lafiya bai wuce talatin ba, abincin wata guda ko ƙasa da haka.

Tun faɗuwar Dogo gidan bai ga taro irin na ranar ba. Kowa ya yi mata sannu, kuma abin mamaki, ashe kowa ya san yadda ake jera ciyawa. Wannan ya ce rata ake bari, wancan ya ce ba a toshe iska. Ta yi ta amsawa da "haka ne". Kafin la'asar duk sun watse, suka bar mata tsakar gida cike da baƙin ruwa da sawun taya.

Ta naɗe tafinta da tsumma, ta jawo kujera ta zauna a gefensa ƙarƙashin bishiyar. Ta ɗora lafiyayyen hannunta a cikin nasa.

"Tun ranar da na nuna maka ka sani?"

Ya matse.

"Da na ja gadon na manna ka da bangon, ka san abin da ke bayansa?"

Ya matse.

Ta lissafa a ranta. Mako guda cur yana kwance da ƙafarsa a jikin wuta, yana jin zafin na ƙaruwa, ya san ita ma a ɗakin take kwana, ba bakin faɗa, ba ƙafar gudu. Ita kuma tana bakin turke tana tausayin kanta wai ba ta da kowa. Kunya da tausayi suka kama ta. Ta kifa goshinta a kan gwiwarsa ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ya faɗi. Ya zare hannunsa ya ɗora a kanta, ya bar shi a nan.

Wayar ta yi ƙara. Ba Asabar ba ce, amma Auta ce. Mai Madara ta ɗago ta nuna masa.

"Ta ji ke nan. In ce mata mun taho?"

Ta ba shi hannunta ta jira. Ya dubi siton da ba rufi, ya dubi shanun da suka dawo suka tsaya a bakin turke. Ya daɗe yana dubansu, wayar ta katse ta sake kira. Sannan ya matse, a hankali.

"Umma! Umma, kuna lafiya? An ce min..."

"Lafiya lau muke, ni da shi. Auta, saurara. Ki sa a nemo mai sayen shanu, amma wanda zai ɗauke su tare, kada a raba su. Sannan ki auna ƙofar ɗakin nan, ki ga ko keken Babanki zai shiga."

Auta ta fara kuka a can, tana cewa wani abu. Mai Madara ta ce mata sai an jima, ta kashe wayar. Babbar saniyar ta yi kuka, hantsarta ta cika tun ɗazu. Ta tashi ta ɗauraye bokiti, ta tura keken Dogo har bakin turke inda zai riƙa gani, ta durƙusa ta fara tatsa da hannu ɗaya.